Taku Talatin a Bayan Mota

Ranar Alhamis na sallami direbana, ranar Asabar kuma shi ne ya ja ni zuwa Gwagwalada, saboda sallamar ba za ta fara aiki ba sai ƙarshen wata, ni kuma na daɗe da daina tuƙi a babbar hanya. Ina zaune a baya ina ta latsa waya kamar mai wani aiki, shi kuma idonsa yana kan titi. Daga gida har muka wuce Kubwa babu wanda ya ce uffan.

Sunansa Malam Maharazu. Marigayi maigidana ne ya ɗauke shi aiki, shekara goma sha shida ke nan, tun ina ƙaramar ma'aikaciya a wata hukumar tarayya har ga shi na zama mataimakiyar darakta. Daga Tungan Maje yake tasowa kullum, mota biyu yake hawa kafin ya iso, amma ban taɓa fitowa ƙarfe bakwai na tarar bai goge gilashi ba. Ba ya hon sai dole, ba ya rige-rige da kowa a shataletale, abin da a garin nan ake ɗauka kamar wata nakasa. 'Ya'yana suna ce masa Baba Sannu-sannu, shi kuma yana amsawa. A duk shekarun nan ko ƙwarzane bai taɓa jawo min ba.

Sai daminar bana aka buge mu ta baya har sau biyu cikin sati uku.

Na farko a Jabi ne, dab da tashar mota, da la'asar ana yayyafi. Wani mai tasi ya zo ya daki bambar motar, ya fito yana ta rantse-rantse wai mun tsaya masa ba zato. Duk wanda ya buge ka ta baya a Abuja abin da yake faɗa ke nan, don haka ko kallonsa ban yi ba.

Na biyun shi ne ya tayar min da hankali. Mun dawo daga gidan ƙanwata a Dutse Alhaji da tsakar rana, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga jikata Ameera 'yar shekara biyar kusa da ni. Malam Maharazu ya rage gudu saboda wani rami, sai wata bas mai ɗaukar ruwan leda ta shigar mana. Fitilar baya ta hagu ta tarwatse, yarinyar ta bugi bayan kujera, leɓenta ya fashe. Direban bas ɗin ya riƙe kai yana cewa, "Wallahi Hajiya ban ga birki ba." Da ruwa ya tsagaita, mutane suka taru, motar tana kashe a gefen titi, aka ce a gwada. Malam Maharazu ya shiga ya taka, fitilar dama da ta tsira ta kama. Kowa ya ce wa mai bas ya daina ƙarya. Ni ma na faɗa masa, har na ƙara da cewa sababbin ƙwayayen LED ne a motar, ko wata biyu ba su yi ba.

Da yamma ɗana Umar Farouk, uban yarinyar, ya zo gida ransa a ɓace.

"Mama, Baba Maharazu ya tsufa," in ji shi. "Ba ya hango abu da wuri. Sai ya zo dab sannan ya danna birki da ƙarfi, shi ya sa ake shigar muku. Yau leɓe ne, gobe ba mu san mene ne ba."

Maganar ta zauna min, don har lokacin jinin yarinyar yana jikin mayafina. Na fara lura da tuƙinsa, kuma wanda yake neman laifi ba ya daɗewa bai samu ba. Na ga ya koma ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, yana miƙa wuya kusa da gilashi, yana tafiya a hankali har 'yan acaɓa suna zaginmu. Ban ce tsorata ya yi ba, cewa na yi lallai idonsa ya tafi. Shi ne ranar Alhamis da muka dawo daga ofis na ce ya ɗan dakata kafin ya wuce.

"Malam Maharazu, ina ganin lokaci ya yi da za ka huta. Ka ƙarasa min watan nan."

Ya kalli mukullin da ke hannunsa. "To, Hajiya. Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri."

Da ya yi min gardama da na fi samun sauƙi. Bai yi ba, ya rataye mukulli inda ya saba, ya yi sallama ya tafi.

To ranar Asabar ɗin ta'aziyya za ni, wata abokiyar aikina ce ta yi rashin mahaifiya. Har lokacin fitilar hagu a fashe take, an manne ta da jar leda. Muna kusa da Zuba sai ya yi magana a karon farko, ya ce in na amince mu tsaya a kasuwar 'yan kayan mota a sa sabuwa, akwai shagon da ya sani, ba zai wuce minti goma ba. Na ce to, amma kada ya wuce minti goman.

Shagon ɗan tsukuku ne, babu komai a ciki sai fitilun mota tun daga ƙasa har rufi. Mai shi Leonard, Ibo ne, gajere, zai yi shekara hamsin, da tabarau da ya ɗaure da zare a ƙeya. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa. Ya gaida Malam Maharazu da "Baba, kwana biyu," ya ɗauko sabuwar fitila, ya kwance tsohuwar da kansa. Da ya zo sa ƙwai sai na ce kada ya damu, ina da nawa. Na buɗe jaka na miƙa masa kwalin, da sauran guda biyu a ciki.

Ya zaro ɗaya, ya juya shi, ya ɗaga shi sama, ya yi masa irin kallon da mata suke yi wa kifin da ya kwana.

"Wa ya sayi wannan?"

"Ni ce."

"Ina ka samu?"

"A waya na gani, aka kawo min har ofis. Akwai matsala ne?"

A nan dole in faɗi gaskiyar yadda aka yi. Ƙwan birki ɗaya ne ya mutu a farkon damina. Malam Maharazu ya ce a sayo irinsa a mayar, ni kuma na ce mun wuce zamanin fitila mai kama da aci-bal-bal. Na ga talla a waya, kwali mai sheƙi, an rubuta ya fi na da haske sau goma. Na sa wani a wurin wankin mota ya cire duka biyun ya sa nawa. Aka gwada a ƙarƙashin rumfa, muna tsaye dab da motar, haske ya kashe mana ido. Na juya na kalli Malam Maharazu na ce, "Ka gani ko?" Ya ce ya gani.

Leonard kuwa ya juya wurin motar. Ya sa ƙwan a sabuwar fitilar, ya ɗaure, sannan ya nuna min wata tsohuwar taya da aka binne rabinta a ƙasa, can nesa, an shafa mata farin fenti.

"Hajiya, ka je ka tsaya wurin tayar can."

Na ce, "Ni?"

"Kai. Taku talatin ne daga nan, ni na auna. Duk wanda zai sa ƙwai a shagona sai ya tsaya can ya gani da idonsa."

Na dubi ranar da ake yi, na dubi takalmina, na dubi taɓon da ke tsakanina da tayar. Na ce masa sauri nake, ta'aziyya za ni, kuma an riga an gwada ƙwayayen nan har sau biyu.

"Mai mota shi kaɗai ne bai taɓa ganin bayan motarsa tana aiki ba," in ji shi. "No vex, Hajiya. In ba za ka tsaya ba, ka kai wani shago ya sa maka."

A ofis mutum arba'in ne suke miƙewa in na shigo. Na tattare zanena na taka taɓo, ina ƙunƙuni, ina shirya abin da zan faɗa wa Malam Maharazu a kan shagunan da ya sani. Leonard ya leƙa ta taga ya yi masa magana, sannan ya biyo ni muka tsaya tare. Aka tayar da mota, fitilun baya biyu suka kama, wani haske fari-fari mai ɗan ja, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa.

"Ya kunna fitilar fakin ke nan," in ji Leonard. "Yanzu in ya taka birki, ka faɗa min."

Na zuba ido. Wani mai kura ya wuce ta gabanmu da injin mota. Na ci gaba da kallo, gumi yana bin bayana. Haƙurina dama ba shi da yawa.

"Ka ce masa ya taka mana."

"Ya taka sau uku."

Na ce ba zai yiwu ba. Leonard ya ɗaga hannu sama ya ce duk lokacin da ya sauke shi, Baba zai taka. Ya sauke. Sai da na ƙanƙance ido sannan na ga hasken ya ɗan motsa, ɗan abin da in ka ƙifta ido ya wuce ka. Ina tsaye ne, ina jiran abin, rana tana sama, babu ruwa, babu waifa tana kaiwa da komowa a gabana, amma da ƙyar na gani.

"Fitilar nan aiki biyu yake yi," in ji Leonard. "In ka kunna fakin, ya ba da ƙaramin haske. In ka taka birki, dole ya tashi da ƙarfi, na baya ya ji a idonsa. Wannan naka, ƙarami da babba kusan ɗaya ne. Kuma fari ne, jan gilashi ya shanye rabinsa. In fakin a kashe yake, ka taka, zai kama, kowa ya ce lafiya lau. In fakin a kunne yake, babu birki a motar nan ga wanda ke bayanka."

Ban san lokacin da na koma wurin motar ba, taɓon ma ban ƙara ganinsa ba. Na tsaya a tagar direba.

"Malam Maharazu, ranar da aka buge mu a Jabi, fitilunka a kunne suke?"

"A kunne suke, Hajiya. Ana yayyafi."

"A Dutse fa?"

"In dai ana ruwa ina kunnawa, ko da rana ne. Don na baya ya gan mu."

Na san haka. Shekara goma sha shida ina ganinsa yana yi, har na sha yi masa tsiya cewa yana haska wa rana hanya. Da direban ganganci ne, wanda ba ya tunawa da fitila sai duhu ya rufe, da wataƙila ba a buge mu ba. Kulawarsa ce ta haɗu da ƙwayayen da na sayo da hannuna. Leɓen jikata ni na fasa shi, mai bas ɗin da na ƙaryata a gaban jama'a gaskiya ya faɗa, kuma dattijon da ke zaune a gabana na kore shi a kan laifina. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yarinya.

Leonard bai san komai a kan sallama ba, shi aikinsa yake yi. Ya shiga shago ya fito da ƙwai iri uku a tafin hannunsa.

"Kada ka karanta kwali," in ji shi. "Duk kwali original yake cewa. Kada ka ƙirga idanu kuma. Wannan ka ga idanu ko'ina kamar masara, amma jikinsa roba ne, in ya ɗau zafi haske zai sauka."

Ya nuna min na biyu, fari ne shi ma amma mai jikin ƙarfe, ya ce wannan na fitilar ribas ne, inda gilashi fari yake. Na ukun bai da wani kyan gani, idanunsa kaɗan ne, jikinsa ƙarfe mai tsaga-tsaga, kuma haskensa ja ne tun daga ciki. Ya ce jan gilashi jan ƙwai yake so, mai ruwan lemo kuma na sigina. Ya ce ba zai zaɓar min ba, in koma wurin taya.

Wannan karon ban yi ƙunƙuni ba. Ya sa mai kama da masara a hagu, ya bar nawa a dama. Da aka taka ya fi nawa tashi, na ce a bar shi. Leonard ya ce mu jira tukuna, ya sa aka bar shi a kunne. Na tsaya a rana da kayan ta'aziyya, 'yan kasuwa suna wucewa suna gaishe ni kamar sun saba ganin manyan mata a tsaye kusa da tayar nan, kuma ina jin sun saba ɗin. Bayan kamar minti goma aka sake takawa, sai ga shi ya dusashe kamar yadda ya faɗa. Ya cire shi da tsumma saboda zafi, ya sa jan. Ya bar shi shi ma ya yi zafi, sannan ya sauke hannu.

Ban buƙaci ƙanƙance ido ba. Hagu ta tashi ja wur, har sai da na ɗan ja baya, dama kuwa tana nan yadda take. Aka saki, aka sake takawa, hagu ta sake tashi. Na ce masa wannan nake so, ya sa min a duka biyun, ya duba siginar da ta ribas ma, nawa kuma ya zuba su a shara kada wani ya tsinta.

Ya kama sukurun fitilar dama ke nan sai na ji an buɗe ƙofar mota. Malam Maharazu ya fito ya tsaya a gefe, yana murza hannu.

"Hajiya, in ba damuwa, kafin ya cire na daman, ina so ni ma in gani."

A duk abin da aka yi shi yana ciki yana takawa, ba a nuna masa komai ba, bayani kawai yake ji ta taga. Na ce ya je. Leonard ya ce to wa zai taka, na ce ni. Na zagaya na zauna a kujerar direba, wadda rabona da ita an yi shekaru. Ƙafata ba ta kai ba sai da na zame gaba. Na gyara madubi har na samo shi, yana tafiya a hankali cikin taɓo, ya kai wurin taya ya juyo.

Na taka, na saki. Na sake takawa. Yana tsaye bai motsa ba. Sai ya ɗaga hannu ya yi min alama in sake. Na sake. Ya ƙara matsawa baya, ya wuce tayar da kamar taku goma, ya sake yin alama. A lokacin ne na gane ba ƙwayayen yake gwadawa ba. Na danne birkin na riƙe, ban saki ba. Ta madubi na ga ya cire hula ya goge fuskarsa da ita, ya daɗe yana gogewa.

Da ya dawo ya tsaya a bakin taga, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ina ganin bambancin sarai, Hajiya. Har daga can baya ina gani." Ya juya hular da ke hannunsa. "Sati uku ina zaton idona ne. Na je asibiti an duba, suka ce lafiya lau, ban yarda da su ba. Kullum in na tuna bakin yarinyar nan sai abinci ya fita raina. Na riga na ce wa iyali su fara haɗa kaya mu koma gida."

Ban san ya je asibiti ba. Ban tambaye shi komai ba a sati ukun nan, kallonsa kawai nake ina tara hujja. Na gode wa Allah a zuciyata da ya sa muka tsaya a Zuba ranar, ba bayan ƙarshen wata ba, lokacin da zai zama yana can ƙauyensu yana ɗauke da laifin da ba nasa ba har ƙarshen ransa. Na gode wa ɗan gajeren mutumin nan mai taurin kai da ya ƙi jin saurina, wanda yake durƙushe a bayan motar yana ɗaure sukuru, bai ma san abin da ya gyara ba. Har yau in na tuna shi sai na yi masa fatan alheri, kuma duk wanda ya ce min fitilarsa ta mutu, can nake tura shi.

Ban iya ba da haƙuri ba, 'ya'yana za su shaida. Amma na ce, "Malam Maharazu, maganar da na yi maka ranar Alhamis, na janye ta. Laifina ne tun daga farko, na ɗora maka. Don Allah ka yafe min."

"Haba Hajiya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Za ka zauna?"

Da na yi tambayar sai na ji tsoro na gaske, don yana da ikon ya ce a'a, ba ni da bakin da zan ga laifinsa. Ya mayar da hularsa, ya daidaita ta da hannu biyu. Sannan ya kama marfin ƙofar ya buɗe, ya ja gefe ya ba ni hanya.

"Ki koma baya, Hajiya," in ji shi. "Nan wurina ne."